Mai Zana Sunaye

Ranar Talata suka kawo mini takardar,
a naɗe, an ɗaure ta da roba kamar kuɗin adashi.
"Sunaye goma sha ɗaya ne, Mu'azu.
Bakinka ƙanin ƙafarka har daren Asabar."
Na ce to. Na ja ƙyauren shago,
na kunna fitila da rana tsaka.

Tagulla ba ta son gaggawa.
Harafi ɗaya, numfashi ɗaya,
ƙusa na ci, guduma na yi mata rakiya.
Jarumar shekara. Mai ɗaukar hoto. Mai haɗa sauti.
Mai ba da dariya, wanda ban taɓa yi wa dariya ba.

Sau uku na bi takardar daga sama zuwa ƙasa,
ko sunan Baba Jelani ya maƙale a lanƙwasa.
Babu.

Shekara ashirin da shida yana fitowa a fim.
Shi ne maigadi, shi ne mai gidan haya,
shi ne direban da ke mutuwa kafin a kai rabi.
Bana kaɗai aka sa shi cikin biyar ɗin da ke takara,
don wani fim da ya tuƙa kwalekwale a Gulbin Rima.
Sau huɗu ya buɗe baki a fim ɗin duka,
amma matata sai da ta goge ido da bakin mayafi.

Laraba ya shigo da leda a hammata,
shadda ruwan ƙasa, ɗinkin Tsohuwar Kasuwa,
rabin kuɗin bashi ne, na san telan.
"Mi ka gani? Wagga riga ta yi?"
Na ce ta yi.
Ya dubi buhun da na rufe kambunan da shi,
ya dubi silin,
ya ce zafin bana ya fi na bara.
Bai tambaye ni ba.
Da ma ya tambaya.

Daren Asabar, zaure ya cika.
Jan kafet na haya, janareta na tari a bayan katanga,
turare da gumi suna kokawa a ƙarƙashin fanka.
Baƙi daga Kano, daga Gusau, har da na Ƙwanni.
Mai gabatarwa ya ɗaga ambulan,
ya ja lokaci kamar mai cire ƙaya daga tafin yaro.
Duk zauren ya riƙe numfashi,
ban da ni.

"Sirajo Bunu!"

Yaron ya cancanta, kada a ce na ce.
Ya hau da rawar gwiwa, ya gode wa mahaifiyarsa,
ya manta sunan darakta, aka yi dariya.
Amma wanda ya fara miƙewa tsaye,
yana tafi har hularsa na zamewa,
Baba Jelani ne.
Wasan da ya fi kowane wasa a daren,
kuma ba kyamara ko ɗaya a kansa.

Ni na goya shi a babur zuwa Mabera.
Iska na cika masa riga kamar tanti.
Mun wuce Gawon Nama ba wanda ya ce uffan,
sai ya matso da baki kusa da kunnena:
"Yaron ya ba ni kambun na riƙe.
Harafin farko ya karkace, Mu'azu.
Hannunka ya yi rawa?"

Na ce ƙusar ce ta dakushe.

"Tun Laraba na sani," in ji shi,
"ba ka iya wasa ba ko kaɗan.
Tsaya nan, ka saya mini tsire."

Akwai guntun tagulla da ya rage,
faɗin tafin hannu, yana cikin aljihun tebur.
Sau biyu an taya.
Ban sayar ba.